Doom ko Quake: da wanne ya kamata ka fara?

Duk wanda ya shiga neman tsofaffin wasannin harbi na kwamfuta, irin waɗanda kake kallon duniya ta idon mai riƙe da bindiga, da sunaye biyu zai fara cin karo: Doom da Quake. Kamfani ɗaya ne ya yi su, id Software da ke jihar Texas a Amurka, kuma kusan mutanen ba su canza ba. John Carmack ne ya gina injin kowannensu, wato manhajar da ke zana duniyar wasan tana tafiyar da ita, John Romero kuma yana cikin manyan masu tsara wuraren da ake fafatawa. Doom ya fito ranar 10 ga Disamba 1993, Quake kuma ranar 22 ga Yuni 1996, tazarar shekara biyu da rabi ke nan. Wannan kusancin ne yake sa wasu su ɗauka Quake ba komai ba ne illa Doom da aka yi wa kwaskwarima, su ce a ɗauki na bayan kawai a huta. Na daɗe ina buga su duka biyun, kuma ban yarda da wannan magana ba. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma halinsu ya sha bamban, kuma wanda ya zaɓa ba tare da sanin wannan bambancin ba yana iya ajiye wasan da zai so tun bai ɗanɗana daɗinsa ba.

Tushen bambancin yana cikin yadda aka gina su. Duniyar Doom tana yaudarar ido ne kawai. Taswira ce shimfiɗaɗɗiya da aka ba kowane yanki nata tsayin ƙasa da tsayin rufi, shi ya sa ba za ka taɓa ganin ɗaki a saman wani ɗaki ba, ko gadar da za ka bi ta kanta kuma ka dawo ka bi ta ƙarƙashinta. Dodannin ma hotuna ne marasa kauri, an zana kowanne ta fuskoki daban-daban, injin yana nuna maka wanda ya dace da inda kake tsaye. Irin wannan hoto ba ya wahalar da kwamfuta, don haka ana iya zuba dodanni da yawa a fili ɗaya. Quake kuwa komai nasa yana da tsawo da faɗi da kauri na gaske, daga gini har dodo. Wannan ya ci ƙarfin kwamfutocin 1996 sosai, har sai da mutum ya mallaki Pentium, kwamfuta mai ƙarfi ta lokacin, kafin ya ji daɗinsa. Da yake ba za a iya zuba dodanni da yawa a lokaci guda ba, sai aka rage yawansu aka ƙara musu taurin rai.

Lissafin da ke cikin wasannin ya nuna haka ƙarara. A Doom, sojan da ya zama gawa mai tafiya yana da ƙarfin rai 20 ne kacal, Imp mai jifa da ƙwallon wuta yana da 60. Harbi ɗaya na bindiga mai watsa harsashi, in ka matso kusa, yawanci ya wadatar. A Quake, Ogre da za ka yi ta haɗuwa da shi a kusan kowane lungu yana da 200, Fiend 300, Shambler 600. Bindiga mai baki biyu ta Quake tana fitar da ƙwayoyi 14, kowace tana rage 4, jimla 56 ke nan in duk sun samu. Sai ka ɗirka wa Ogre harbi huɗu kafin ya faɗi, shi kuma duk tsawon lokacin yana wurgo maka gurneti, in ka matso ya ɗaga zarton inji. To ka ga wasa biyu ne daban: a ɗaya kana sarrafa taro, a ɗayan kana gwabzawa da ƙato biyu ko uku a wuri matsattse.

Bari in daɗe kaɗan a kan Doom, domin a nan ne mutane suka fi raina abin da ba su gane ba. Abu na farko da za ka ji a jikinka shi ne gudu. Ɗan wasan Doom yana tafiya kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, kuma akasarin abin da dodanni suke jifa da shi ana ganin tahowarsa, ana iya kauce masa. Ba a ɓuya a bayan bango a jira rauni ya warke da kansa, kamar yadda wasannin yau suka saba wa mutane. In jininka ya ragu, sai ka nemo akwatin magani, kuma akwatin yana can tsakiyar filin da dodannin suke. Wasan yana tura ka gaba ne koyaushe.

Abu na biyu shi ne kowane dodo yana da kamanni da murya da ɗabi'ar da ba ta rikicewa da ta wani. Cacodemon ja ne, mulmulalle, yana shawagi. Demon ruwan hoda ne, ba ya harbi, cizo kawai ya sani. Baron dogo ne mai jifa da koriyar wuta. Ko daga nesa, ko cikin duhu, da ka ji gurnani ka san wanda ya farka. Doom II na 1994 ya ƙaro waɗanda suka mai da faɗan ya zama lissafi: Arch-vile da yake tayar da matattun dodanni, kuma in ya kafa maka ido ba ka sami abin fakewa ba sai wuta ta tashi da kai, Revenant mai roka da ke bin mutum, Pain Elemental da ke ta amayo ƙoƙunan kai masu wuta muddin yana raye, da soja mai bindiga mai jigida wanda harsashinsa ba a kauce masa. In aka haɗa maka su a ɗaki guda, tambayar ba ta iya saiti ba ce. Wa zan fara kashewa, a ina zan tsaya, wa zan bari sai ƙarshe? Cikin daƙiƙa biyu ake yanke wannan hukunci, kuma wannan ne ainihin daɗin Doom.

Sai kuma abin da har yau yake burge ni: dodannin suna faɗa da junansu. In harbin wani ya sami wani na daban jinsi, wanda aka harba zai juya ya rama. A zango na 8 na Doom II, mai suna Tricks and Traps, akwai ɗakin da za ka buɗe ka tarar da tarin Baron tare da Cyberdemon guda, ƙaton da yake da ƙarfin rai 4000 yana harba roka. Harsashin da ke hannunka ba zai ishe su ba, ko kusa. Abin yi shi ne ka tsokane shi ya harbo, rokar ta sauka a kan Baron, kai kuma ka ja gefe. Nan take ɗakin zai kaure, wuta koriya tana tashi ta ko'ina, kana tsaye kana kallo suna cinye junansu. Quake ma yana da wannan tsarin, amma da yake dodanninsa ba su da yawa, ba kasafai yake zama babbar dabara kamar haka ba.

Makaman Doom ma sun fi gamsar da hannu. Bindiga mai baki biyu ta Doom II tana cin harsashi biyu ta watsa ƙwayoyi 20, kuma ƙararta da yadda ake karya ta a sake ɗurawa sun sa kowane harbi yana da nauyi. Ga BFG 9000 da ke share ɗaki a tashi ɗaya. Ƙaramar bindigar da ake farawa da ita ce kaɗai ba ta da amfani da zarar ka sami wata.

Amma Doom yana da nasa aibin, kuma ba ƙanana ba ne ga wanda ya taso da wasannin zamani. A asalinsa ba a ɗaga kai sama, ba a sunkuyar da shi, ba a tsalle. In dodo yana kan tudu, kai dai ka fuskance shi ka harba, wasan ne zai ɗaga harsashin da kansa. Wani lokacin yakan zaɓi wanda ba shi kake nufi ba, kuma in roka ce a hannunka kana kusa da bango, kai za ta ci. Dakali ɗan ƙarami da yaro zai haye yana iya tare ka. Sai neman makullai, ja da shuɗi da rawaya: ka kashe kowa, wuri ya yi tsit, ka yi minti goma kana zagaye kana neman ƙofar da wani maɓalli ya buɗe a can wani gefen. Akwai taswira da za ka buɗe ka duba, tana taimakawa, amma ba ta kawar da gajiyar. Ɗakunan sirri kuma sau da yawa sai ka bi bango kana dannawa kamar mai lalube.

Ingancin wuraren ma bai daidaita ba. Kashi na farko, Knee-Deep in the Dead, wanda akasarinsa aikin Romero ne kuma aka raba shi kyauta a lokacin, shi ne mafi tsafta: sansanin soja a Phobos, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mars, da tagogi da kake hango wurin da za ka isa nan gaba, da hanyoyi masu zagayowa su dawo da kai inda ka sani. Kashi na biyu da na uku, waɗanda Sandy Petersen ya kammala yawancinsu, suna da dabaru masu ban mamaki, amma wasu wuraren ba su da kyan gani. Tsakiyar Doom II, inda aka yi ƙoƙarin kwaikwayon birni da injin da ba ya iya ɗora bene a kan bene, nan ne mutane da yawa suke sarewa.

Quake yana kama mutum tun kafin a harba harsashi ɗaya. A asalinsa ba a ba ka jerin rubutu ka zaɓi sauƙi ko wuya. Ana ajiye ka ne a wani zaure mai hanyoyi uku, ka taka da ƙafarka ka shiga wadda kake so, kuma hanyar masu son wuya sai ka tsallake ramin narkakken dutse kafin ka kai ƙofarta. Mataki mafi tsanani ma ɓoye shi aka yi, sai wanda ya nema. Da wannan kaɗai an gaya maka cewa a nan tsalle da tsayi da zurfi suna da ma'ana.

Kuma suna da ita. Ogre yana tsaye a kan baranda yana sako gurneti, kana jin ƙarar ƙarfen yana bugun matakala yana gangarowa kafin ka gan shi. Kai ma in ka sami taka bindigar gurnetin, sai ka koyi jefa shi ya bugi bango ya lanƙwasa kwana ya sami wanda ba ka gani. Ana nutsewa cikin ruwa a ɓullo a wani ɗaki. Ana hango makulli a sama, a yi ta zagaye cikin hasumiya har a fito daidai inda yake, a leƙa ƙasa a ga inda aka faro. Akwai wani ɓoyayyen zango a kashi na farko, Ziggurat Vertigo, inda aka rage nauyin jiki, tsalle ɗaya ya kai ka kusa da rufi. Doom ba zai iya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. 'Yan wasa ma sun gano abin da ya wuce haka: ka harba roka a ƙarƙashin ƙafarka daidai lokacin da ka yi tsalle, ka sadaukar da ɗan jini, fashewar ta cilla ka inda matakala ba ta kai ba.

Faɗan Quake na kusa ne, kuma akwai tsoro a cikinsa. Fiend yana durƙusawa ya yi tsalle ya tsallake ɗaki guda ya sauka a kanka. In ka matsa gefe a daidai lokacin, zai wuce ka, ka sami bayansa. Shambler, farin ƙato marar idanu, yana ɗaga hannuwa ya tara walƙiya, kuma roka rabin illarta kawai take yi masa, don haka makamin da ka fi dogara da shi ya zama ba shi ne mafita ba. 'Yan wasa sukan matsa kusa da shi ya ɗaga farce zai kai duka, su ja baya, su harba, su sake matsowa. Gawarwakin Quake masu tafiya kuwa in ka harbe su da harsashi faɗuwa suke su sake tashi, sai abin fashewa ne yake raba ka da su. Ga sauti: iska tana kaɗawa a cikin kurkuku, ƙarfe yana kuka, wani abu yana numfashi a bayan ƙofa. Trent Reznor ne ya yi sautukan da kiɗan, kuma kiɗan ba ya zuga ka kamar na Bobby Prince a Doom, danne maka ƙirji yake yi. In ka sa abin ji a kunne ka kashe fitila, Quake ya fi Doom shiga jiki nesa ba kusa ba.

Inda ya gaza kuma a fili yake. Launinsa ƙasa-ƙasa ne da toka-toka da kore mai duhu, zango bayan zango, har ido ya gaji, wani lokacin ma dodo yakan saje da bango. Babu taswira ko kaɗan, in ka ɓata sai ƙwaƙwalwarka. Bindigar da ake farawa da ita ba ta da ƙarfi, mai baki biyun ma ba ta kama ƙafar ta Doom II ba, kuma bindigogin ƙusa biyu aiki ɗaya suke yi, ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi kawai. Manyan dodannin ƙarshe abin takaici ne: Chthon na ƙarshen kashi na farko ba a harbinsa, maɓallai ake takawa a sa masa lantarki, Shub-Niggurath ta ƙarshen wasan kuma ko motsi ba ta yi, dabara ɗaya ce ake yi a gama da ita. Kashi na huɗu ya cika da Spawn, wani dunƙulen abu mai tsalle-tsalle da ke fashewa in ya mutu, wanda ba ya koya maka komai sai ɓacin rai. An san cewa aikin Quake ya zo da saɓani a cikin kamfanin, an sauya alkiblarsa ana tsakiyar yi, Romero ma ya bar id jim kaɗan bayan fitowarsa. Ana ganin alamar haka: sansanin soja na zamani, sai fādar mayaƙa masu takobi, sai kurkukun tsafi, ba wani zare mai ƙarfi da ya ɗaure su. Labari kam dukansu biyu ba su da shi, 'yan layuka ne a ƙarshen kowane kashi.

In kuwa da mutane kake son bugawa, ba da kwamfuta ba, Quake ne ba tare da wata jayayya ba. Doom ne ya yaɗa faɗan 'yan wasa da junansu, mutum huɗu a kwamfutocin da aka haɗa, amma Quake ne ya fitar da abin zuwa intanet yadda ya kamata, musamman bayan fitowar QuakeWorld, sigarsa da aka gyara domin intanet, a Disamba 1996. A gasar 1997 ce Dennis Fong, wanda aka fi sani da Thresh, ya ci motar Ferrari ta Carmack. Wasan Team Fortress ma a cikin Quake aka haife shi, kuma injin wasan Half-Life na 1998 daga na Quake aka samo shi. Sai dai ka sani waɗanda suka rage suna bugawa a intanet sun shekara da shekaru a kai, sabon shiga zai sha wuya kafin ya fara ramawa.

Ta fuskar daɗewa ana morewa, Doom ne a gaba. An saki asalin rubutun manhajarsa a 1997, na Quake a 1999, kuma tun daga nan masoya suke gina sababbin wurare. Na Doom sun fi yawa nesa, saboda zana taswira shimfiɗaɗɗiya ya fi sauƙi, har akwai lambar yabo ta Cacowards da ake bayarwa duk shekara tun 2004. Romero da kansa ya dawo ya yi wa Doom sabon kashi mai suna Sigil a 2019. Na Quake ba su kai yawan haka ba, amma manyansu irin Arcane Dimensions sun gyara kusan duk abin da na yi ƙorafi a kai, daga launi har ƙarfin bindiga.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a faɗa wa mutum tun kafin ya sauke ko ɗaya. Na farko, jini da gunduwa-gunduwar nama sun yi yawa a dukansu, kuma Doom musamman cike yake da hotunan wuta da shaiɗanu da alamomin tsafi a bango. Kai ne kake yaƙar su, amma hotunan suna nan, kuma ba wasannin ƙananan yara ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da irin wannan ba, gara ya sani tun yanzu. Na biyu, jiri. Gudun Doom da yadda bindiga ke lilo suna sa wasu hajijiya, wasu kuma juye-juyen sama da ƙasa na Quake ne yake tayar musu da zuciya. Faɗaɗa kusurwar gani da rage lilon a cikin saituna yana taimakawa sosai.

Ni dai in aka tambaye ni, da Doom na 1993 nake cewa a fara, kashi na farko, a matsakaicin matakin wuya mai suna Hurt Me Plenty. Zango tara ne har da na sirri, ana iya gama su a zama biyu ko uku, kuma kafin ka kai ga Baron biyun da ke jiran ka a ƙarshe za ka san ko irin wannan wasa naka ne. Ya fi sauƙi a hannun wasa na na'urorin talabijin tunda ba a saitin sama da ƙasa, kowace tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa, ya kuma sami fitowa a wayoyin Android da iPhone a 2019, kodayake danna gilashi ba ya ba da daɗin da madannai suke bayarwa. Amma akwai mutum ɗaya da nake juya wa shawarar: wanda hannunsa ya riga ya saba da linzamin kwamfuta, wanda in ya ja shi sama bai ga kai ya ɗagu ba zai ji kamar an ɗaure masa wuya. Wannan ya fara da Quake, domin a minti biyar zai ji kamar a gida yake, daga baya ya koma wa Doom da haƙurin da ya samu.

Game da wanda za a saya, kamfanin Nightdive ya sabunta duka biyun. Quake na Agusta 2021 ya zo da ƙarin kashi biyu na 1997, Scourge of Armagon da Dissolution of Eternity, da sabon kashi, Dimension of the Machine, wanda MachineGames suka yi, kuma a ganina ya fi wasu sassan asalin kyau. Doom da Doom II an haɗe su wuri ɗaya a Agusta 2024 tare da sabon kashi mai suna Legacy of Rust, amma wannan a bar shi sai hannu ya faɗa, don ba a yi shi domin sababbi ba. Masu son Doom yadda yake a 1993, da ɗigo-ɗigon hotonsa na 320 da 200, suna buga shi ta manhajar Chocolate Doom. Wata manhajar mai suna GZDoom kuma tana ba da damar ɗaga kai da tsalle, sai dai ina roƙon mai farawa ya kashe tsallen, domin wuraren ba a gina su da shi ba, kuma zai riƙa tsallake ƙofofin da aka so ya nemo makullinsu. Wanda yake son ya gwada salon kafin ya kashe kuɗi, akwai Freedoom, wasa irin Doom, kyauta ne kuma halal ne a sauke shi.

Kowanne ka ɗauka, ka kunna gudu na dindindin a saituna tun kafin ka fara, ka riƙa ajiye wasa a farkon kowane zango. In Quake ne kuma ka kai ga Thunderbolt, bindigar walƙiya, ka sauya makami kafin ka shiga ruwa. In ka harba ta kana ciki, duk cajin da ke jikinta zai tashi a lokaci guda, ya kashe abin da ke kusa, ya haɗa da kai.